Rijiyar Sumayya

A gidanmu na Musawa akwai wata tsohuwar rijiya a bayan ɗakin girki, wadda kakanmu ya haƙa tun kafin a haifi mahaifina. Shekara da shekaru bakinta a buɗe yake, in ban da wasu itatuwa biyu da aka gitta don taka ƙafa in za a ja guga. Ranar da aka yi mata murfi ina tune da ita sarai, domin ba yaro ne ya kusa faɗawa ba, ba kuma akuya ba. Littafi ne ya jawo.

Yayata ce ta dawo hutu daga makarantar kwana da wani ɗan littafi wanda bangonsa ya gama yagewa saboda yawan hannu. Baffanmu ya gan shi a ƙarƙashin matashinta, ya karanta sunan, ya ce ai wannan ne littafin da ake ta cewa yana koya wa 'yan mata faɗawa rijiya. Ya karɓe, kafin la'asar kuma ya kira kafinta. Kakarmu tana zaune a inuwa tana kaɗi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce masa, "Kai dai rufe, rufewar alheri ce. Amma rijiya ta girmi littafin nan. Waɗanda na sani sun faɗa, ko ƙofar aji ba su taɓa takawa ba."

Littafin shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a Kano a farkon shekarun 1990, ba a jima ba kuma aka mai da shi fim na kaset. Labarin Sumayya ne, 'yar mai kuɗi da ta kamu da son Muhammad, ɗan talaka. Kakarta ta kafe a kan sai ta auri wani attajiri mai suna Abdulƙadir, iyaye suka kasa tsallake maganar tsohuwa. Da Sumayya ta ga aure ya matso kuma babu mai jin kukanta, sai ta faɗa rijiya. Aka ciro ta da rai, aka kai ta asibiti, hankalin iyaye ya dawo jikinsu, a ƙarshe ta samu wanda take so.

Yau fiye da shekara talatin ke nan, kuma gardamar da baffana da kakata suka yi a bakin waccan rijiya ba ta mutu ba. Ta dai sauya riga: daga littafi ta koma kaset, daga kaset ta koma faifai, yanzu tana cikin wayar kowane yaro. Shin abin da matashi ya gani a allo yana iya kai shi ga hallaka kansa? Ko kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki?

Kafin a amsa, ya kamata mu tuna cewa a ƙasar Hausa hukuma ce ta fara yin imani da cewa hoto mai motsi yana canza halin mutum. Majigi da Turawa suka riƙa yawo da shi gari gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i, ba don nishaɗi aka kawo shi ba. An kawo shi ne don a koya wa mutane tsafta, da allurar rigakafi, da noman zamani. Tsofaffin wannan yanki namu na auduga, daga Funtua zuwa Malumfashi, har gobe suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi a shekarun 1950 don manomi ya ga yadda ake shuka a kan layi da amfanin bin shawarar malamin gona. Gwamnati ta kashe kuɗi a kansa ne domin ta tabbata mutane za su kwaikwaya. To wanda ya yarda allo yana koyar da shukar auduga, da wuya ya juyo ya ce ba ya koyar da komai in an zo maganar mutuwa.

Talabijin ta iso Arewa a 1962, lokacin da aka buɗe ta Kaduna. Wasannin da suka yi tashe a shekarun 1970 da 1980 galibinsu na barkwanci ne da gyaran hali: Samanja na Usman Baba Pategi, da Karambana na Kasimu Yero, da Karkuzu daga Jos, sai kuma irin su Kuliya a Kano. Jaruman waɗannan wasanni magidanta ne, rigimarsu ta kishiya ce da bashi da wayon zaman duniya. Budurwa 'yar shekara sha shida da abin da ke cin zuciyarta ba su cikin lissafi. Gidajen talabijin ɗin ma na gwamnati ne, kuma akwatin ɗaya ne a unguwa, a zauren wani mai hali, yara a ƙasa manya a kan benci. Duk abin da aka nuna, tare da iyaye aka gan shi.

Mutuwa saboda soyayya ta wata ƙofa ta shigo, ƙofar finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima suka daɗe suna nunawa, talabijin kuma ta ɗauka daga baya. Mai shekaru irin nawa zai tuna Ek Duuje Ke Liye na 1981, inda Kamal Haasan da Rati Agnihotri suka fito a matsayin masoyan da iyaye suka raba, fim ɗin ya ƙare da mutuwarsu tare. A can Indiya ma an yi ta surutu a kan cewa wasu masoya sun kwaikwayi ƙarshen. Mu a nan muna kallo muna share hawaye, amma abin yana nesa: yarensu daban, addininsu daban, tufarsu daban. Abin da Gidan Dabino ya yi, wanda ya sa littafinsa ya yi kasuwar da ya yi kuma ya jawo masa zagin da ya sha, shi ne ya kawo labarin cikin gida. Yarinyar Bahaushiya ce, Musulma, tana gaida kakarta a durƙushe, rijiyar kuma irin ta bayan ɗakin girkinmu ce.

A daidai lokacin ne harkar bidiyo ta kunno kai. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ake ƙirgawa a matsayin na farko. Cikin 'yan shekaru, marubutan soyayya suka fara mai da littattafansu finafinai, kaset ya shiga ɗakin amare, gidajen kallo masu janareto suka cika ƙauyuka. Yarinyar da ba ta iya karatun boko ba ita ma yanzu ta ga Sumayya da idonta.

Abin sha'awa, biyu daga cikin manyan waɗanda suka riƙe wutar muhawarar da ta biyo baya 'yan wannan yanki ne. Ibrahim Malumfashi, wanda daga baya ya zama farfesa, shi ya raɗa wa waɗannan littattafai suna Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da nauyin da za a kira su adabi kuma kwaikwayon Indiya ya yi musu yawa. Ibrahim Sheme, mutumin ƙasar Faskari, shi ya buɗe shafinsa na adabi a jaridar New Nigerian aka yi ta fafatawa shekara da shekaru, masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare marubutan, kafin Shemen ya kafa mujallar Fim a 1999. Muhawarar malamai ta fi karkata ga inganci da asali. Amma a bakin titi, da masallaci, da ɗakin malaman makarantun 'yan mata, zargin guda ɗaya ne: waɗannan labarai suna sa yara su bijire wa iyaye, kuma ga shi har sun fara faɗawa rijiya. Hujjar kullum ba ta wuce "an ce" da "na ji" ba. Masu kare littafin su ma amsarsu guda ce, irin ta kakata: auren dole ne ke tura yara rijiya, marubuci madubi kawai ya ɗaga.

Hukuma ta ɗauki ɓangaren baffana. Bayan ƙaddamar da shari'a, Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta shirya bikin ƙona littattafan soyayya a wata makarantar sakandare ta 'yan mata, a gaban ɗalibai. Daga nan aka shiga shekarun kame da gurfanar da 'yan fim. Wanda ya bi tarihin tacewar nan zai lura da inda idon mai tacewa ya fi tsayawa: rawa, da waƙa, da matsattsun kaya, da taɓa hannu tsakanin mace da namiji. Yarinya ta ɗaga kwalba ta ce za ta sha in ba a ba ta wane ba, wannan yakan wuce salin alin, musamman in an biyo shi da wani dattijo yana wa'azin cewa wanda ya kashe kansa ɗan wuta ne.

A nan ne ya kamata mu leƙa waje, domin wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan rami, kuma su sun tsaya sun ƙirga.

A Japan, wani marubucin wasan kwaikwayo mai suna Chikamatsu ya rubuta wasa a 1703 a kan wasu masoya biyu da suka mutu tare a Sonezaki, wasan ya yi farin jini, irinsa suka yawaita, har a 1723 hukuma ta haramta irin waɗannan wasanni saboda yawan masoyan da ke bin sahu. A Jamus, Goethe ya fitar da littafinsa na baƙin cikin saurayi Werther a 1774, labarin matashin da ya hallaka kansa saboda wadda yake so tana hannun wani. Samari suka fara sa irin tufafin Werther, birnin Leipzig ya haramta littafin. Amma duk wannan irin namu ne, zargi da jita-jita. Sai a 1974 wani masanin zamantakewa Ba'amurke, David Phillips, ya ɗauki alƙaluman mace-mace ya auna su da labaran jaridu, ya nuna cewa in aka buga labarin wani da ya kashe kansa a shafin farko, adadin masu yin hakan yakan tashi a makonnin da suka biyo baya. Ya kira abin da sunan Werther, kuma har yau da sunan ake kiransa.

Misalin da ya fi ba ni tsoro daga talabijin ya fito. A 1981 gidan talabijin na ZDF a Jamus ya nuna wani wasa mai kashi shida, sunansa da Hausa "Mutuwar Wani Ɗalibi". Labarin saurayi ne ɗan shekara 19. Masu wasan da kyakkyawar niyya suka yi shi, don iyaye da malamai su farga. Kowane kashi yana duba rayuwar yaron ta idon wani daban, iyayensa, malamansa, budurwarsa, amma kowane kashi yana farawa da fitowar mutuwar tasa. Wasu masana biyu, Armin Schmidtke da Heinz Häfner, suka bi alƙaluma. Suka gano cewa a cikin kwana 70 daga fara nuna wasan, adadin samari 'yan shekara 15 zuwa 19 da suka mutu ta irin hanyar da yaron ya bi ya ƙaru da kashi 175 cikin ɗari, wato ya kusa ninkawa uku. Da aka maimaita wasan a 1982, adadin ya sake tashi, ko da yake bai kai na farko ba. Kuma ƙaruwar ta fi yawa ga waɗanda suka fi kama da jarumin a shekaru da jinsi.

A riƙe wannan na ƙarshe. Shi ne bambancin masoyan Indiya da Sumayya.

Na kwanan nan shi ne 13 Reasons Why, wanda Netflix ya saki ranar 31 ga Maris, 2017. Wata ɗaliba ce, Hannah Baker, ta kashe kanta ta bar saƙonni goma sha uku a kaset, kowanne yana tuhumar wani da ya cuce ta. A kashi na ƙarshe an nuna mutuwar tata filla-filla na kusan minti uku. Wani bincike da Jeffrey Bridge ya jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya gano cewa a watan Afrilun 2017 yawan yaran Amurka 'yan shekara 10 zuwa 17 da suka kashe kansu ya tashi da kashi 28.9 cikin ɗari, kuma daga Afrilu zuwa Disamba an samu mace-mace kusan 195 fiye da abin da aka yi hasashe. Gaskiya ta sa a faɗi cewa ba kowa ya gamsu ba. Ƙaruwar ta fi bayyana ga maza alhali jarumar mace ce, kuma wani masani, Daniel Romer, ya sake lissafin ya ce dama adadin yana kan hawa tun kafin fim ɗin. Duk da haka a watan Yulin 2019 Netflix ya yanke fitowar baki ɗaya, bisa shawarar likitoci.

To idan aka tara wannan duka, wa ya yi gaskiya a bakin rijiyarmu?

Kakata ta yi gaskiya a kan sanadi. Babu wani fim da zai ɗauki yarinya mai kwanciyar hankali, wadda ake saurarenta a gida, ya kai ta ga halaka. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Auren dole ya girmi kaset, haka ciwon damuwa, da fyaɗen da ake rufewa don kare sunan gida, da faɗuwa jarrabawa, da gorin da ake yi wa yarinyar da ta daɗe ba ta samu miji ba. A shekarun nan mun ƙara da wani sabo: yaran da suka ga an kashe iyayensu, ko aka sace su aka dawo da su, a ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba daga Ƙanƙara zuwa Ɗanmusa har gefenmu. Wanda ya ƙona littafi ya bar waɗannan bai yi aikin komai ba.

Amma baffana ma bai yi ƙarya ba, sai dai bai san inda gizo ke saƙar ba. Shi yana ganin laifin littafin shi ne ya ambaci rijiya. Ni a ganina, bayan na sake karanta shi da girmana, matsalar ita ce rijiyar ta yi aiki. Sumayya ta yi magana ba a ji ba, ta yi kuka ba a ji ba, ta faɗa rijiya aka ji. Ba ta mutu ba, ba ta nakasa ba, ta samu mijin da take so, waɗanda suka matsa mata suka yi nadama. Ga babba, darasin a fili yake: kada ka yi wa 'yarka dole. Wannan ne abin da marubucin ya nufa, kuma na tabbata akwai iyayen da suka sassauta saboda shi. Amma ga yarinya 'yar sha biyar da aka sa wa rana da wanda ba ta so, akwai wani darasi na biyu a kwance a ƙarƙashin na farko: ga hanyar da ake sa manya su saurara. Kaset ɗin Hannah Baker ma haka suke. Ta mutu, amma ita ke juya kowa har ƙarshen fim, duk wanda ya ɓata mata sai da ya ɗanɗana. An mai da mutuwa wasiƙa mai isa inda aka aike ta, alhali a zahiri wanda ya tafi ba ya nan balle ya ga nadamar kowa.

Akwai wani littafi na zamanin da ya fita daga wannan ɗaki ta wata ƙofa, kuma ban taɓa jin an haɗa su a wannan magana ba. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Jarumarta Abu ta fi Sumayya shan wuya: an raba ta da karatu, an aurar da ita ga tsoho Sarkin Noma, ta ga wulaƙanci iri iri. Abu ba ta nufi rijiya ba. Ta gudu Kano wurin wata 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Masu suka a lokacin sun sa littattafan biyu a kwando ɗaya, duka bijirewa iyaye ne a wurinsu. Ba su ga cewa ɗaya yana nuna wa yarinya bakin rijiya, ɗaya kuma yana nuna mata tashar mota da ƙofar wata gwaggo da za ta karɓe ta ba.

Masana sun ba irin labarin Abu suna shi ma. A Biyana, babban birnin Ostiriya, bayan da aka shawo kan 'yan jarida a 1987 suka daina kururuta labarin masu hallaka kansu a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, adadin ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari a cikin wata shida. Daga wannan birni ne kuma, a 2010, Thomas Niederkrotenthaler da abokan aikinsa suka nuna ɗaya gefen: in aka ba da labarin wanda ya shiga ƙunci har ya yi tunanin mutuwa amma ya samu mafita, adadin masu kashe kansu yakan ragu. Suka kira shi da sunan Papageno, wani mai kamun tsuntsaye a wasan waƙa na Mozart, wanda ya yi niyyar hallaka kansa saboda rashin masoyiya, wasu yara uku suka tare shi suka tuna masa yana da wata dabara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora musamman don masu shirya finafinai. Abin da ke ciki ba hani ba ne. Cewa aka yi a yi labarin, amma kada a nuna aikin ko hanyar da aka bi, kada a rataya abin a kan dalili guda ɗaya, a nuna alamun da na kusa za su iya lura da su, a nuna inda ake samun taimako, a kuma nuna mutanen da suka tsallake.

Yanzu mu dawo gida, domin abubuwa biyu sun canza tun ranar da aka kira kafinta.

Na farko, zauren kallo ya watse. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta zo da Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in da Labarina na Aminu Saira, wanda jarumarsa ta farko ita ma, abin mamaki, Sumayya ce sunanta. Izzar So na Lawan Ahmad ya tashi ne a 2020 a kan YouTube, a tashar da ke ɗauke da sunan Bakori, nan kusa da mu. Ban kawo waɗannan don in tuhume su da komai ba, sai don a ga yadda fim mai dogon zango ya zama abincin yau da kullum. A bayansu akwai ɗaruruwan ƙananan tashoshi da ba wanda ya san masu su, da fassarar Indiya da ta Turkiyya, da guntayen bidiyo na TikTok. A kasuwar Musawa yaro zai miƙa wayarsa ga mai turi a cika masa ita da kuɗi kaɗan. Zai kalla shi kaɗai, da daddare, da abin ji a kunne. Babu benci, babu baffa. A watan Mayun 2025 hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 saboda ba su kai mata ta duba ba, amma kowa ya san hannunta ba ya kaiwa cikin katin waya.

Na biyu ya fi muni, kuma namu ne mu manoma. Rijiya tana da wani rangwame: ana jin ƙara, ana yin ihu, ana zura igiya. Yau abin da ke kusa da hannun yaro a gidan manomi ba rijiya ba ce, maganin feshi ne. Kowane gida da ke noma masara ko auduga ko wake yana da kwalabensa, a kan katanga, a ƙarƙashin gado, a bakin rumbu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, galibi a karkara. Da yawansu ba su daɗe suna shiri ba, ɓacin rai ne na 'yan mintoci ya haɗu da abin da ke kusa. A 2019, bayan jerin mace-macen ɗalibai da matasa da jaridu da kafofin sada zumunta suka yi ta yayatawa har da sunan maganin da hotonsa, hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna daga 1 ga Satumba. Da gangan na ƙi rubuta sunan. Ƙasar Siri Lanka ta bi wannan hanya da gaske tun daga 1995, ta haramta magunguna mafiya guba ɗaya bayan ɗaya, adadin masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari a shekara ashirin, an ƙiyasta rayuka 93,000 aka ceto, noma kuma bai ja baya ba.

Saboda haka fitowar nan da duk mai kallon finafinanmu ya sani, yarinya ta kulle ƙofa, kyamara ta matso kan kwalba, sai ga ta a gadon asibiti da ƙarin ruwa, uba yana kuka yana cewa na yafe ki auri wanda kike so, ba daidai take da rijiyar 1990 ba. A fim kullum likita yana fitowa ya ce an auna arziki. A ƙauyen da ke da nisan awa guda da babban asibiti, a kan babur, da daddare, a hanyar da mutane ke tsoron bi, sau da yawa ba a kaiwa.

Wanda ya tsira kuma, doka ba ta tarbe shi da hannu biyu ba. Sashe na 231 na dokar Penal Code da Arewa ta gada tun 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ga doka, ga kunya, ga tsoron abin da za a ce a kan makomarsa a lahira, shi ya sa gidaje ke rufewa su ce tsautsayi ne. Addini ya haramta, wannan babu ja, kuma haramcin ya tsare mutane da yawa. Amma yaron da ciwon damuwa ya kama ba fatawa ya rasa ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, kuma ciwon yana jin magani kamar yadda hawan jini ke ji. Sai dai a finafinanmu ba a zuwa waɗannan wurare sai in za a nuna mahaukaci da sarƙa a ƙafa don a yi dariya. Sau nawa ka ga fitowar da yarinya ta ce wa ƙawarta ta gaji da duniya, ƙawar ta ɗauki maganar da gaske, ta zauna da ita, ta je ta kira inna ko malama?

A watan Mayun 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sanar da cewa ministar al'adu, Hannatu Musa Musawa, wadda mahaifinta marigayi Alhaji Musa Musawa ɗan garin nan ne, ta amince da wata ƙa'ida da ta hana ƙawata shan taba da tsafin kuɗi a finafinai. Hujjar ita ce ta Baban Larai: matasa suna kwaikwayon abin da suka gani. Ba na fatan a ƙara wani haramci a kan wannan, mun ga iyakar abin da ashana ta yi a 2007. Abin da nake so ƙarami ne: marubucin da ke zaune a Zoo Road yana neman yadda zai sa uban jaruma ya sauko, ya san cewa kwalbar da ya ɗora a hannunta akwai irinta a ɗakin yarinyar da za ta kalla, kuma a ba shi waccan jagora ta 2019 da Hausa.

Yayata, wadda aka karɓe wa littafi, yanzu tana da jikoki. Da na tuna mata da labarin a bikin sallar bara, dariya ta yi, ta ce ai ta riga ta karance shi sau biyu kafin Baffa ya gani, kuma washegari ta aro wani a maƙwabta. Rijiyar tana nan da murfinta, ba a ma shan ruwanta tun da aka yi burtsatse a unguwar. Da zan fito na leƙa ɗakin da ƙanena ke ajiye kayan gona, na ƙirga kwalabe bakwai a kan taga, ƙofar ko sakata babu. 'Yarsa ta fari tana aji biyar na sakandare.